Wankan Jego a Bakin Gandu

Gefen kaina na hagu babu gashi, tun daga saman kunne har ƙeya. Fatar wurin ta yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, kuma ba sanƙo ba ne. Jikoki in sun tambaye ni nakan ce kura ce ta lashe ni ina barci, ta ji ba gishiri ta yi gaba. Wanzami kuwa duk wanda ya yi mini aski sai na sa ya gode mini, tunda na rage masa rabin aiki.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, ina da jika shofer, wato direba, yana jan baƙi masu yawon buɗe ido zuwa babban gandun namun daji da ke can yamma, bakin kogi. Ya zo ganin gida, muna cin tuwo, yake ba mu labarin wasu Nasara, miji da mata, da sunka kusa rabuwa cikin motarsa kan inda za su kwana. Matar tana son cikin gandu don ta ji kukan namun daji, mijin yana son otal ɗin waje inda akwai ruwan zafi na wanka. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, don ni ba a riga ni dariya. Amma labarin ya tuna mini nawa. Ni ma na taɓa tsayawa bakin gandu ana gardamar ciki ko waje, kuma a kan ruwan zafi. Karatuna na makarantar manya ne, wadda na shiga da furfura na fito malamin yana hamdala. Da shi zan rubuta, wanda ya ga baƙi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Lokacin Nasara na can ƙasarsu suna yaƙi da juna ne, mu kuma muna nan muna jin jiki. Tufa ta yi wuya har mace da zane ɗaya take kwana take tashi, maza mun koma walki kamar kakanninmu. Garinmu na gabas da Babankatami. Tsakaninmu da garin iyayen matata akwai fako mai duwatsu, sai wani kwari mai duhun itace, sai kori, rafin da ke kawo ruwa da damina. Kwarin nan kowa ya tashi ya ga ana zango cikinsa. Akwai rijiya, akwai tsamiya da bagaruwa da gawo da kirya, zabi na tashi gabanka, barewa na tsayawa ta dube ka. Wata shekara anka wayi gari an zagaye shi da duwatsu shafe da farar ƙasa, anka ce kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ya mai da shi gandu. Ba sara, ba kiwo, ba farauta, ba hura wuta, ba haƙa, ba kwana. Hanya ɗaya anka bari ta gefe, ta bi bakin duwatsun ta gangara kori.

Mutum ɗaya ke da iznin kwana da hura wuta ciki, shi ne gardin da anka ajiye yana gadin wurin. Tsohon soja ne daga wata ƙasa mai nisa, Hausarsa ta bariki, yana ɗingishi, yana da jar hula da bulala, ba shi da mata. An gina masa ɗakin ƙasa kusa da rijiyar. Bayan ɗakin akwai rumfa cike da busasshen itacen da yake ƙwacewa, gatura na rataye jikin tsamiya kamar su itacen ya haifa, ga turken awakin makiyaya da sunka tsallaka duwatsu. Mazan garinmu da yawa sun sha bulalarsa, wasu an tura su aikin hanya. Don haka ba mai gaishe shi, ba mai shan ruwa hannunsa. Akwai wata mata a garinmu da ruwan sama ya taɓa kora ƙarƙashin rumfarsa tana dawowa daga kasuwa. Wani ya gan ta. Ba a yi wata ba mijinta ya sake ta, kuma har ta tsufa ana nuna ta da baki.

Matata na da cikin fari, kuma haihuwar fari gidan iyaye ake yi. Ya kamata a kai ta tun da wuri, amma noma ya riƙe ni, ni kuma na riƙe jaki, gwaggo kuwa ta ce akwai sauran wata guda cur. Gwaggon nan yayar babana ce, ita ce ungozomar rabin garinmu. Ita ta yanke mini cibi, kuma kullum tana cewa da ta sani da harshen ta fara. Tun ina yaro an san ni da abu biyu, ciki da shaƙiyanci. Ba a taɓa aike na da fura ta isa yadda ta tashi ba.

Sai da anka gama maimai, marka ta kankama, sannan munka kama hanya mu uku. Matata bisa jaki, gwaggo na biye da ita da ƙunshi a ka, ni ina gaba riƙe da igiya kamar ɗan haya. Yaran yanzu ba za su gane ba, sai in faɗa. A lokacinmu ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya ambatonsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da cikin. Matar ma ba ka kiran sunanta, ba ka dubanta gaban manya. In ta yi tuntuɓe, jaki za ka zaga. Duk tafiyar nan ina jin numfashinta na sauyawa bayana, ni kuwa ina ta yi wa jaki waƙar zambo.

Da hantsi ya yi sosai munka gangara kori, munka tarar ya cika baki da baki, ja wur, yana tafiya da itatuwa. Ga garin iyayenta can ƙetare, har hayaƙin gidaje muna gani. Ko raƙumi ba ya shiga ruwan nan. Munka juyo munka hau fako, daidai bakin fararen duwatsu. Nan matata ta zame daga kan jaki ta durƙusa. Gwaggo ta dube ta sau ɗaya, ta ajiye ƙunshi, ta ce mini in tafi in nemo wa jaki ciyawa, kuma kada in yi sauri.

Na tafi, amma ban yi nisa ba. Na laɓe bayan wani dutse, ruwa na sauka siriri wanda ba ya ɗaukewa, ina hango gwaggo ta jefa tabarmarmu kan wata sabara ta yi ɗan ɗaki wanda ko akuya za ta raina. Jakin ya cinye duk abin da ke gabansa ya fara taunar igiya. Wajen azahar na ji kukan jariri. Na ba da lokaci kamar wanda bai ji ba, sannan na dawo ina fito. Gwaggo ta ce an sauka. Ba ta ce mace ko namiji ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce to madalla, ni dai yunwa nake ji. Ta miƙo mini abu naɗe cikin ganye ta ce in binne, in danne da duwatsu saboda kuraye. Ƙasar ba ta haƙuwa, da farce da tsinke na yi ramin.

Ina cikin haka sai ga gardi ya fito daga cikin itatuwa, ya tsaya ta can ciki, ƙafarsa ba ta tsallako dutsen ba. Ya dubi tabarmar, ya dubi jinin da ruwa ke wankewa, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa sai ni, ni ma ciki-ciki. Ya ce da gwaggo, “Inna, a kawo ta ciki. Akwai ɗaki, akwai wuta, akwai tukunyar soja babba. Ni sai in koma rumfa.”

Gwaggo ba ta dube shi ba. Da ni ta yi magana, kamar ni ne tafinta. Ta ce in faɗa wa mai jar hula mun gode, ɗiyan gidanmu ba su wanka gidan da babu mace. Ya ce ruwan nan ba yau zai ɗauke ba, korin ma sai ya ga dama. Ta ce in faɗa masa ta ga damina fiye da yawan gaturan da ya sata. Ya gyara hularsa, ya ce ɗakin na nan, ya juya yana ɗingishi.

To ga abin da ke gabanmu. Mai jego ruwan zafi ne rayuwarta, kowa ya san wannan. Safe da yamma ana tafasa babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata har jikinta ya yi ja, ta sha kunun kanwa mai zafi, ta kwanta inda anka gasa da wuta. In ba a yi ba sanyi ya shige ta, in ya shiga kuwa ba ya fita da daɗi. Ciki akwai ruwa, akwai itace, akwai rufi, amma gidan gardi ne. Waje ba mai hana ka hura wuta, sai dai ba abin hurawa, don tun da anka rufe gandu mutane sun aske fakon nan tas, ba abin da ya saura sai ɗanyar sabara.

Ni zuciyata tun maganar farko ta bi gardi ciki. Amma mi zan ce? In ce matata na rawar ɗari? In ce abin da anka haifa zai mutu? Gaban yayar ubana? Bakin ba ya buɗuwa ta nan, kamar ka ce wa mutum ya ciji kunnensa ne. Sai ya buɗu ta inda ya saba. Na ce, “Gwaggo, wallahi na jiyo ƙanshin nama daga gidan mutumin nan. Mu shiga mu ci, in mun ƙoshi mu zage shi mu fito.”

Ta ce, “Na san za a rina. Kai ko jana’izar uwarka ce tukunya za ka fara leƙawa.”

Na sake zagayowa, na ce jaki na tari, ruwa zai kashe mana shi. Ta ce jakin ya fi ni haƙuri. Na ce tabarmar nan sabuwa ce, za ta ruɓe. Ta ce in rufe mata baki in nemo wuta.

Na tattaro kashin shanu, wanda shi kam akwai shi, tunda garkunan da anka kora daga gandu nan bakin suke kwana. Duk ya jiƙe ya zama kamar tuwon da bai nuna ba. Na yi ta buga ƙyastu har yatsuna sunka fashe. Da ƙyar wuta ta kama cikin audugar da gwaggo ta ciro daga ƙunshinta, ta yi hayaƙi mai sa hawaye, ta ɗuma ɗan ruwan da ke ƙaramar tukunyarmu. Gwaggo ta tsoma gwiwar hannu ta ce wannan ko alwala sai mai tsoron Allah. Da shi dai ta goge ta.

Kafin magariba na tsallaka duwatsun na tafi gidan gardi, ban gaya wa kowa ba. Na tarar da shi yana gasa masara. Naman da na ce na jiyo babu shi, ko ƙanshinsa. Na roƙe shi itace ɗauri ɗaya. Ya ce a’a. Na nuna masa rumfar, na ce wannan tulin ai na mutanenmu ne, har ga ɗaurin da na gane igiyar gidanmu jikinsa. Ya ce ya sani. Ya ce cikin gandu ko duka ya ƙone ba mai tambayarsa, amma sanda ɗaya ta tsallaka farin dutse, akwai masu kai magana bariki, kuma cikin mutanenmu suke. Ya juya ya ɗaga rigarsa ya nuna mini bayansa. Na ga ashe bulalar da yake rabawa shi ma an ba shi nasa kason, da yawa.

Ya juya masarar da ke fashewa bisa wuta. Can ya ce, “Ruwa dai ba a ce kada ya fita ba.”

Haka munka shirya. Shi ya tafasa ruwa cikin tukunyar ƙarfe ta soja, wadda yaro zai iya zama ciki, ya juye mini cikin tulu, ni in ɗauka in kai. Tsakanin ɗakinsa da tabarmarmu ba nisa ba ne ga mai yawo, amma ga ruwan zafi cikin marka tafiya ce. Tulun farko na kai, gwaggo ba ta tambayi daga ina ba. Ta san daga ina, ni ma na san ta sani. Ta tsoma gwiwar hannu ta ce ya huce. Ta yi amfani da shi duk da haka, ina jin ƙarar ganyen sabara bisa fata daga bayan dutsena, ban ji matata ta yi ko uhum ba. Mai jego in ruwa ya yi zafi yadda ake so sai an ji ta. Shirun nan ya fi mini kuka ciwo.

Gari ya waye ruwa bai ɗauke ba, korin ma sai ƙaruwa ya yi. Jaririyar, don zuwa lokacin na ji gwaggo na ce mata ’yar nema, ba a ba ta nonon farko, al’ada ta hana, sai an jira ya wanke. Gardi ya tatso akuya cikin waɗanda ya kama ya ba ni a ɗan ƙoƙo. Gwaggo ta karɓa, ta ce ai akuyar Bafillace ce, ba tasa ba.

Na ce to tunda nisa ke shanye zafin, sai in rage nisan da ƙafa. Na riƙa gudu da tulu a ka, gammo na ganyen kaba, ina tsallake saiwoyi. Gardi na cika shi yana tafasa, har yana rufe bakin da ganye. Na yi sawu ya fi a ƙirga. A wani sawun, ina hango farin dutse, har ina jin daɗin wannan karon gwaggo za ta janye gwiwarta da sauri, ƙafata ta sami laka. Tulun ya fashe bisa kaina. Ban san na iya irin wannan ihun ba. Zabin gandu duka sunka tashi.

Gwaggo ta fito ta same ni ina birgima, ta kwashi laka mai sanyi ta lafta mini a kai, ta ce, “To ga shi, duk ƙasarmu ta Adar kai kaɗai ne namijin da ya yi wankan jego.” Ta ƙara lafta wata. Gashin wurin ya biyo lakar da ta bushe, bai sake dawowa ba. Tulun kuma shi ke nan guda da gardi ke da shi. Munka koma kai ruwa cikin ƙaramar tukunyarmu, wadda kafin ta iso ta zama ruwan sha.

Da yammar ranar zazzaɓi ya rufe matata. Daga inda nake zaune ina jin haƙoranta na haɗuwa. Gwaggo ta cire mayafinta ta lulluɓa mata, ta zauna da zane ɗaya cikin ruwa, jaririyar cikin ƙirjinta. Na matso na durƙusa gabanta, na yi niyya wannan karon in faɗi maganar yadda take. Na ce gwaggo. Ta ce na’am. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, wai kaina na zafi, ko za mu shiga ciki in sami inuwa, cikin ruwan saman da ba a ga rana ba tun jiya.

Ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana dubana, ina tsammanin ta ji abin da ban faɗa ba. Ta ce, “Ɗan nan, sanyi ina da maganinshi, na fidda shi jikin mata da yawa. Bakin mutanen garinmu ba ni da maganinshi. In ta kwana ɗakin can, ita da abin da ta haifa sun gama ɗaga kai.” Ta ce gobe korin zai faɗa, ta ga alama, surukata na can da itacen da ta tara tun rani.

Ba mugunta ba ce. Ta ga abin da anka yi wa waccan matar ta rumfa, ita ta riƙa kai mata tuwo a ɓoye. Kuma matata kanta, da an ba ta zaɓi ranar farko, waje za ta ce.

Da sassafe gwaggo ta kwantar da jaririyar gefen uwarta ta gangara duba kori. Na zo na tsuguna bakin tabarmar, bayana gare su, ina gyaran igiyar jaki da ba abin da ya same ta. Tun da anka kawo mini ita ba mu taɓa magana da rana ba in ba ta gaisuwa da abinci ba. Sai na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ta ce kaina ya yi sauƙi? Na ce ai gyara ne, yanzu hula za ta fi zama. Na ji kamar ta yi dariya. Sannan ta ce, “Ita dai a kai ta inda wuta take.”

Na juya na dube ta, karo na farko tun da munka baro gida. Leɓunanta sun yi fari sun tsage, idanun sun faɗa. Jaririyar kuma ta daina kuka tun asuba, ƙafafunta sun yi sanyi kamar dutsen da nake kai. Na sa hannu na ɗauke ta. Ban taɓa ɗaukar jariri ba, balle wannan da bai kamata ko inuwata ta faɗa kanta ba.

Gwaggo ta hauro ta same ni tsaye da ita a hannu. Na jira abin da za ta ce. Ta dube ni, ta leƙa ƙarƙashin tabarma, ta miƙe. Ta ce, “Tallabe mata kai, wawa.” Ta yaye tabarmar ta naɗe. Mu biyu munka ɗora matata kan jaki, gwaggo na riƙe da ita don ba ta iya zama, munka tsallaka fararen duwatsu.

Gardi ya hango mu. Ya kwashe bargonsa da bindigarsa ya kai rumfa, ya hura wuta tsakiyar ɗakin da kirya, wuta irin wadda ban taɓa ganin an yi wa mutum ɗaya ba. Ya cika tukunyar soja. Gwaggo ta ce tana son ganyen tsamiya. Shi da ke bulale mutane kan reshe ɗaya ya hau da gurguwar ƙafarsa ya karyo mata runguma guda. Jaririyar da ta ji ɗumi ta motsa, ta sha nonon akuya, ta tsala kuka. Na fita na zauna bakin rijiya, ina jin tukunya na ɓararraka, ina cewa cikin raina yanzu kam za a ji mai jego.

Ba a ji ta ba. Gwaggo ta yi ta ƙoƙarin tada matata zaune, jikin ya ƙi. Ta ɗiga mata kunu, ya dawo ta gefen baki. Kafin la’asar ta fito ta tsaya bakin ƙofa, ba ta kira ni wawa ba, ta ce in jawo ruwan sanyi daga rijiya. Na ce ai ga na zafi ya tafasa. Ta ce shi za a sirka. Tun da nake ban taɓa ganin gwaggo ta sirka ruwan mai jego ba. Na gane, na jawo guga.

Da ruwan nan anka yi mata wanka. Likkafani babu, ko a kasuwa ba a samunsa lokacin. Mayafin gwaggo ne, da tabarmar da na ce za ta ruɓe. Gardi ya ce a yi haƙuri, ba a haƙa cikin gandu. Gwaggo ta ce ko ana haƙawa ba nan za ta bar ta ba. Munka fito da ita waje, kusa da sabarar da ta haihu. Gardi ya sauko da gatari daga jikin tsamiya, ni da shi munka yi ta saran dutse muna karɓa-karɓa. Wasu makiyaya biyu da ke bakin gandu da shanunsu sunka zo sunka taya mu, da su anka yi salla. Munka tara duwatsu bisa kabarin saboda kuraye, duwatsun ba su isa ba. Gardi ya duba hagu ya duba dama, ya cicciɓo ɗaya daga cikin fararen ya aza a kai. Ya ce in an tambaya, nan iyakar take.

Daren nan ɗakinsa gwaggo ta kwana da jaririyar, ni da shi a rumfa. Washegari rana ta fito, korin ya faɗa kamar yadda ta ce, sai dai ya makara da kwana ɗaya. Ruwa iya gwiwa munka ƙetara. Surukata ta hango mu daga nesa, ta ga jaki ba kowa a kai, ta zauna ƙasa. A ƙofar ɗakinta ga itace nan jibge har ya kai rufi.

Yarinyar ta rayu. Wata ƙanwar uwarta mai goyo ta shayar da ita. Ran suna liman ya raɗa mata suna mai kyau, amma ba wanda ya kira ta da shi. Makiyayan nan sun ba da labari a kasuwa, kafin arba’in kowa na ce mata ta gidan gardi, ita da anka haifa waje cikin ruwa, kwananta ɗaya tak ɗakin. Abin da gwaggo ta ji tsoro ya same mu duk da haka. Da ta girma ta sha faɗa a kai bakin rijiya, ta fasa wa wata baki, daga baya ta saba, har in an kira tana amsawa. Mijin da ta samu daga wajen Ibohamane ya zo, inda ba a san labarin ba.

Gwaggo ta yi shekaru bayan haka. Ba mu taɓa tada maganar ba, ni da ita. Ta ci gaba da ce mini wawa, na ci gaba da shanye mata fura. Sai dai duk macen da za a kai haihuwa gida, tun ciki bai fito sosai ba take kora ta, ko ana tsakiyar noma, kuma ba ta ƙara ƙirga wa kowa wata ba. Gardin an ɗauke shi bayan yaƙi, ban san sunansa ba, ban san inda ya mutu ba. Gandun ma ya bi shi a hankali, yau gonaki ne. Farin dutsen da ke kan kabarin ruwa ya wanke shi tuntuni, amma na san shi cikin sauran.

Da ɗiyar tawa ta zo haihuwar fari, gidana ta zo, wurin matar da na aura daga baya. Tun da sauran watanni na ɗauki gatari na shiga abin da ya rage na kwarin nan, na yi ta jido kirya da jaki ina zubewa ƙofar ɗakinta, har hanya ta toshe. Matata ta ce wa zai ƙone wannan duka? Na ce jakin ne ya yi ƙiba, ina rage masa. Abin da anka haifa a wannan jegon shi ne shofer ɗin nan.

Shi ne, da anka gama dariyar Nasaransa, ya juyo ya ce, “Tsoho, kai da kai ne, ciki za ka kwana ko waje?” Na ce ni duk inda tukunyar nama take. Anka sake fashewa, anka ce tsohon nan ba ya canzawa. Uwarsa tana bakin murhu, wadda har yau ban taɓa kiran sunanta ba, na liman ko na mutanen gari. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tura itace cikin wuta, ta ɗebo ruwa mai zafi a ƙwarya, ta kawo ta ajiye gabana in wanke hannu.